Daga Raƙumi Zuwa Babur: Yadda Dokar Lamba Da Lasisi Ta Shafi Masu Lambun Timiya

Duk ɗan kasuwar da ke harkar kayan marmari a Agadas ko Arlit, kai har ma da Yamai, ya san cewa da zarar sanyi ya kankama, lemon da ake rububinsa shi ne na Timiya. Wannan gari yana cikin tsakiyar duwatsun Abzin, kimanin kilomita 220 a arewa maso gabas da Agadas, a cikin gundumar Iferwan ta Jamhuriyar Nijar. Allah Ya albarkace shi da ruwa a ƙarƙashin yashin ƙoramarsa, shi ya sa mutanensa, Abzinawan Kel Ewey, suke noman lemo da rumman da dabino da inabi, ga kuma alkama da masara da albasa da tafarnuwa, a wurin da baƙo zai rantse ko ciyawa ba za ta tsiro ba.

Tun kaka da kakanni an san mazan Timiya da fatauci. Sukan ɗaura wa raƙuma kaya su keta Tenere zuwa Bilma su sayo gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa, Damargu da Damagaram har Kano, su musanya da gero da tufafi. Matansu kuwa su ke riƙe da awaki, su ke yin cuku. Har yanzu ba a daina ayari ba, sai dai a zirga-zirgar yau da gobe, tsakanin gari da lambu, tsakanin ƙauye da ƙauye, da kai majinyaci ɗakin shan magani, babur ya karɓe aikin da jaki da raƙumi suka daɗe suna yi. To, a nan ne fa maganar ta ɗauko asali, domin raƙumi ba a tambayarsa takarda a shingen jandarma, amma babur ana tambayarsa.

Yadda babur ya shiga Abzin

Idan mai karatu bai manta ba, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 ne baburan ƙasar Sin irin su Jincheng da Kasea da Haojue suka cika kasuwanninmu, daga baya kuma Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya biyo baya. Kafin nan, mallakar Honda ko Yamaha sai ma'aikaci ko attajiri. Arahar waɗannan sababbin babura ce ta sa talaka ya samu abin hawa, kuma ita ce ta haifar da yawaitar sana'ar da ake kira acaɓa a Najeriya, kabu-kabu a Nijar.

A yankin Agadas akwai ƙarin dalilai. Tawayen da aka yi daga 1990 zuwa 1995, da wanda ya biyo baya daga 2007 zuwa 2009, sun durƙusar da harkar yawon buɗe ido, wadda a da take kawo Turawa kallon magangarar ruwan Timiya da tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ke kan dutse da kufan Asode. Matasa da dama suka koma lambu, injin ban-ruwa ya soma maye gurbin raƙumin da ke jan guga. Sai kuma a 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, kuɗi suka shigo hannun samari, kuma abin da saurayi ke fara saye idan ya samu shi ne babur. Hanyar da ta taso daga Agadas ta bi ta Dabaga da Elmeki zuwa Timiya hanya ce ta duwatsu da ƙoramu, wadda mota kan cinye yini a kanta, da damina kuma ruwa kan datse ta. Babur kuwa yana kurɗawa ta inda mota ba ta iya bi.

Manyan buhunan lemo da albasa dai mota ce ke kwasarsu zuwa birni. Amma mai lambu da babur yake zuwa neman man injin ban-ruwa, da shi yake bin dillali, da shi yake kai samfur, da shi kuma yake kai cukun matarsa wa mai saye. Saboda haka ranar da aka kama babur, ba ƙarfe kaɗai aka kama ba, an tsayar da cinikin gida guda ne.

Takardun da hukuma ke nema

A Nijar, dokar hanya da ake aiki da ita ita ce wadda aka kafa a shekarar 2014. Ga wanda ya sayi babur, takardun suna bin juna ne kamar matakala, ba a tsallake ɗaya a taka na gaba.

Ta farko ita ce takardar ciniki, wato rasit, wanda a Nijar ake ce wa faktir. Wajibi ne ta ƙunshi sunan mai sayarwa da na mai saye da lambar inji da lambar shasi. Ta biyu ita ce takardar duwan, wato kwastan, mai nuna cewa an biya kuɗin fito lokacin da babur ɗin ya shigo ƙasa. Wannan ita ce uwa, domin idan babu ita ba a samun ta uku, wato katin mallaka, wanda aka fi sani da kart giriz. Wannan kati shi ne shaidar cewa babur naka ne, kuma da shi ake buga lambar da ake liƙawa a baya. A tsohon tsarin lambobin Nijar, da ganin lamba an san jihar da abin hawa ya fito, domin 1 ta Agadas ce, 4 ta Maraɗi, 7 ta Damagaram, 8 kuma ta Yamai.

Bayan waɗannan sai inshora, wadda mutanen Nijar ke kira asirans, da binyat, wato harajin shekara na abin hawa. Ta ƙarshe kuwa ba ta babur ba ce, ta mai tuƙi ce, wato lasisi ko farmi. A Nijar da Najeriya duka, lasisin babur shi ne rukunin A, kuma ya bambanta da na mota. Sai hular kwano, wadda ba takarda ba ce, amma doka ta sa ta a layi ɗaya da su.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a karkarar ƙasashen biyu babura masu yawa suna yawo ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dalilin farko shi ne hanyar da suke shigowa. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma babur ba ya bukatar babbar hanya kafin ya tsallaka. Wanda aka shigo da shi ta bayan fage ya fi araha, mai saye kuma yana ganin ya ci riba. Sai ranar da ya nemi yin kart giriz ne zai gane cewa araha ba ta ado, domin sai ya koma ya biya duwan ɗin da aka kauce wa tun farko, wataƙila har da tara.

Keke mai inji: keke ne ko babur?

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a bakin masu gyaran keke da masu sayar da kayan gyara. Idan mutum ya ɗauki kekensa ya ɗaura masa ƙaramin inji, ko ya sayi irin kekunan nan masu batir da suka fara shigowa, shin keke yake hawa ko babur?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce, kuma amsarta ta samo asali ne daga Faransa, ƙasar da Nijar ta gaji tsarin dokokinta. A 1946 aka fara sayar da VéloSoleX a can, wanda keke ne sak, da ɗan inji a kan tayar gaba. A 1949 kamfanin Motobécane ya fito da Mobylette, wanda dattawanmu suka sani da mobilet, mai feda kamar keke, wanda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka yi yayinsa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Dokar Faransa ta ware wa irin waɗannan rukuni na musamman: injin kada ya wuce si-si 50, gudu kuma kada ya wuce kilomita 45 a sa'a. Shekaru da dama ana hawansu ba lamba. Amma da sata da haɗurra suka yi yawa, sai aka wajabta wa sababbi lamba daga watan Yulin 2004, sannan daga farkon 2011 aka haɗa har da tsofaffi. Daga 2013 kuma aka mayar da takardar koyon tuƙinsu wani rukunin lasisi da ake kira AM, wanda yaro ɗan shekara 14 zai iya samu.

Game da keke mai batir, ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce, idan ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana taimakawa ne kawai lokacin da mutum ke taka feda, sannan yana yankewa idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, to keke ne, ba ruwansa da lamba ko lasisi. Da zarar ya zarce haka, ya koma sahun babura.

Abin lura a nan shi ne, baburan da ke hawa duwatsun Abzin ba su cikin wannan rangwame ko kaɗan, domin galibinsu daga si-si 100 ne zuwa 150. Ƙaramin inji ba zai iya da hawan dutse da yashin ƙorama ba. Sannan ko wanda ya ɗaura wa keke inji ya sani cewa dokar inshora ba ta duba sunan da ake kiran abin hawa a kasuwa. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin kundin inshora na CIMA, wanda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992. Sashe na 200 na wannan kundi ya wajabta inshora a kan duk abin hawan da inji ke tafiyar da shi a doron ƙasa. Bai ce sai mota ba, bai ce sai babba ba.

Abin da inshora ke yi da wanda ba ta yi

Mutane da yawa suna ɗaukar inshora a matsayin takardar nuna wa ɗan sanda kawai. Amfaninta na gaskiya sai ranar tsautsayi yake bayyana. A ce mai lambu ya shigo kasuwar Agadas da babur, ya banke wata mai tallar fura ta karye. Idan yana da inshora, kamfani ne zai ɗauki nauyin magani da diyya. Idan ba shi da ita, daga aljihunsa za a biya, kuma sau da yawa sai an sayar da babur ɗin, wani lokaci har da awaki ko wani yanki na lambu. Idan kuma ba shi da abin biya, ita wadda aka karya ce za ta kwana a ciki, jarinta ya tafi wurin magani.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Na ɗaya, inshorar dole tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, har da fasinjan da aka goya, amma ba ta biyan shi mai tuƙin. Na biyu, tun 2011 ƙasashen CIMA suka hana inshorar bashi: sai an biya kuɗi take fara aiki. Na uku, idan aka sayar da abin hawa, inshorar tsohon mai shi takan tsaya bayan 'yan kwanaki kaɗan, don haka wanda ya sayi babur na hannu kada ya dogara da takardar da ya tarar a cikin jakar babur.

A Najeriya ma dokar inshorar dole tana nan tun 1945. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta sanya kuɗin babur a kan Naira 3,000 a shekara, na Keke Napep kuma Naira 5,000. Duk mai lissafi ya san wannan bai kai kuɗin ɗaurin karaya ɗaya ba.

Hular kwano ma haka take. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Hukumar ta ce hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Amma ba a manta da abin da ya faru a Kano a watan Janairun 2009 ba, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙoƙo da ƙwarya a ka. A Abzin kuma ga rawani, wanda namiji ba ya rabuwa da shi. Rawani yana tare ƙura da rana, amma ba ya tare dutse, kuma daga Timiya zuwa babban asibitin Agadas tafiya ce mai nisa ga wanda kansa ya fashe.

Darasin Diffa da Tillaberi da Kano

Babban abin da ya sa wannan magana ta wuce batun tara da cin hanci a shinge shi ne tsaro. A shekarun nan babur ya zama abin hawan masu tayar da ƙayar baya, kuma duk inda hukuma ta kasa bambance babur ɗin mai gaskiya da na ɓarawo, abin da take yi shi ne ta hana kowa.

A Maiduguri an hana hawa babur baki ɗaya a watan Yulin 2011. A Kano, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero a ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur, dubban 'yan acaɓa suka wayi gari ba sana'a. Iyayenmu mata na Kano kuwa sun riga kowa ɗanɗana irin wannan, tun 2005 da aka hana su hawa acaɓa aka kawo A Daidaita Sahu, waɗanda a farko ba su wadatar ba.

A Nijar, bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a ranar 6 ga Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana zirga-zirgar babura, aka rufe wasu kasuwanni, aka kuma taka wa cinikin kifi da tattasai birki. A jihar Tillaberi an hana babura daga ranar 1 ga Janairun 2020, makonni kaɗan bayan harin Inates da ya hallaka sojoji 71. An ɗage dokar a watan Satumbar 2021, amma ba a jima ba aka mayar da ita a wasu sassa saboda hare-hare sun ci gaba. A Burkina Faso kuwa, a 2022 har shigo da wasu nau'o'in babura da sayar da su aka dakatar.

A duk waɗannan wurare, waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙananan 'yan kasuwa. Mai kai madara gari, da mai sarin kayan miya, da makaniken babur, da mai sayar da fetur a kwalba, da mai abincin tashar 'yan kabu-kabu, duk sun shiga wani hali. Kuɗin mota ya tashi, kayan gwari suka riƙa lalacewa kafin su isa kasuwa, mata masu naƙuda suka koma hawa amalanke. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garin da ke cikin duwatsu kamar Timiya, inda mota ba kullum take zuwa ba, idan irin wannan doka ta faɗa masa, wahalar za ta ninka ta garuruwan da ke bakin kwalta. Lamba da rajista ba za su hana mugu mugunta ba, amma suna bai wa shugabannin gari hujjar da za su tsaya a gaban gwamna su ce: baburanmu ga adadinsu, ga masu su, ga inda suke kwana.

Laifin ba na talaka kaɗai ba ne

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, ba a yi wa mutanen karkara adalci ba idan aka ce taurin kai ne kawai ke hana su yin takardu. Ofisoshin duwan da na sufuri da kamfanonin inshora da makarantun koyon tuƙi duk a manyan garuruwa suke. Mutumin Timiya da ke son cika doka sai ya bar lambunsa, wanda ke bukatar ban-ruwa a kai a kai, ya yi tafiyar yini, ya nemi masauki, ya bi layi, wataƙila a ce masa ya dawo jibi. Takardun da Faransanci ake rubuta su, shi kuwa Tamashek da Hausa yake ji. Ga 'yan kamasho da ke tsaye a ƙofar ofis, waɗanda wani lokaci kan karɓi kuɗin mutum su haɗa shi da takardar jabu. Sannan a kan hanyar zuwa yin takardun ma ana iya kama babur ɗin saboda ba shi da takardu.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Yadda ma'aikatan lafiya ke bin ƙauyuka da allurar rigakafi, yadda kuma alƙalai ke fita zaman yi wa yara takardar haihuwa a karkara, haka ya kamata jami'an duwan da na sufuri da wakilan inshora su riƙa haɗuwa su je Timiya da Tabelot da Iferwan ko da sau biyu ne a shekara, su yi komai a zama ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an sayar da lemo da albasa, sa'ar da kuɗi ke hannun mutane. A liƙa farashin kowace takarda a ƙofar ofishin magajin gari, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara da Tamashek da Hausa. A ba da wa'adin rangwame ga tsofaffin baburan da suka shigo ba duwan, a kuma yi jarrabawar lasisi da baki ga wanda bai yi boko ba. Ƙungiyoyin masu lambu, waɗanda dama su ke haɗa kai wajen sayar da amfani, za su iya tattara sunaye da kuɗi su tura wakili ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawara ga mai saye

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun ɗan kasuwa. Duk wanda zai sayi babur, sabo ko na hannu, ya duƙa da kansa ya duba lambar inji da ta shasi, ya gwada su da abin da ke rubuce. Idan an kankare lamba ko an sake buga ta, ya bar shi ko nawa aka rage masa, domin wanda aka kama da kayan sata shi ne ɓarawo har sai ya kawo wanda ya sayar masa. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a kuma canja sunan da ke kan kart giriz, kada a bar shi da sunan mutumin da ba a san inda yake ba. A ajiye kwafin kowace takarda a gida.

Ga mata masu sayen babur da kuɗin adashi su bai wa yaro yana kabu-kabu yana kawo balas, a tabbata sunan mai kuɗin ne a kan katin mallaka, ba sunan yaron ba, ba kuma na miji ko ƙane ba, don gudun rigima ranar da zumunci ya yi tsami ko aka zo rabon gado. A tabbata yaron yana da lasisi, a kuma riƙa duba ranar da inshora za ta ƙare kamar yadda ake duba ranar zubin adashi. Mai tsallaka iyaka kuma ya sani cewa takardun ƙasa ɗaya ba su wadatar a ɗaya ƙasar ba sai an nemi izinin shiga da abin hawa a wurin kwastan.

Kakannin mutanen Timiya ba su taɓa fita ayari da raƙumin da ba shi da tambarin gidansu a jikinsa ba, domin da wannan alama ake gane shi idan ya ɓata ko aka sace shi, ko da a Bilma ne ko a Kano. Lambar babur ita ce tambarin wannan zamani. Ya rage ga hukuma ta kawo ta kusa da jama'a a kan farashin da za su iya, ya kuma rage ga jama'a su karɓe ta tun kafin wata doka mai tsanani ta riske su. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa albarka a kasuwa.